Hedar Shekara Guda

Ranar da Baba ya fita ya mance hanyar gida, kowa ya yi abin da ya iya. Inna ta bazama asibitoci, ƙannenta suka bi tashoshin mota. Ɗanta Dogo kuwa, da yake sana'arsa rubuta manhaja ce, sai ya buɗe kwamfuta ya haɗa shafi a intanet: hoton Baba, launin rigarsa, lambar wayar Inna, da "Muna nemansa" da manyan baƙaƙe a sama.

Jama'a suka yi ta yaɗawa, har 'yar sabar tasa, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta fara numfashi sama-sama. Akwai wasu 'yan layuka da sabar ke tura wa waya kafin shafin kansa ya iso, masu sana'ar suna ce musu heda. A nan ake gaya wa waya abin da aka kawo mata da tsawon lokacin da za ta ajiye shi. Dogo bai yi wata-wata ba ya ƙara layi ɗaya: a ajiye shekara guda, kada a dawo tambaya. Sabar ta huta, shi kuma ya ɗan ji kansa, don Dogo mutum ne mai son a san ya iya.

Aka samu Baba a wani asibiti, rai ya riga ya yi halinsa. Bayan an binne shi Dogo ya sauya shafin, ya sa sanarwar rasuwa da godiya.

Wayar Inna ba ta daina ƙara ba, don wayoyin jama'a tsohon shafin suke ta nunawa. Wannan ya ga mai kama da Baba a bakin gada, wancan ya hango shi a kasuwa. Tana ɗauka, tana saurare har ƙarshe, tana sa musu albarka. Kowane kira sai Dogo ya ji kunya ta rufe shi.

Ya kai kuka wurin abokin aikinsa a ofis.

"Ai heda in ta fita, ta fita," in ji abokin, ko ɗago kai bai yi ba. "Kai ka ce wa wayoyin kada su sake tambaya. Sai dai mai waya ya goge da hannunsa."

Da yamma Dogo ya tarar da Inna zaune a bakin gado, tsohon shafin a buɗe a hannunta, Baba yana murmushi.

"Inna, kawo in goge miki. Kuskurena ne, wannan tsoho ne."

Ta janye wayar. "Na san ya rasu, ɗan nan, ni na rufe masa ido. Amma a nan har yanzu nemansa muke yi." Ta goge fuskar wayar da bakin mayafinta. "Zai kai yaushe?"

"Shekara guda."

"To, bar min shi."

Dogo ya mayar da hannunsa aljihu, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta.