Ganyen Ceɗiya a Kan Kwalta

Garinmu a bakin kwalta yake, tsakanin Tudun Wada da Doguwa, daidai inda hanya ta gangaro ta lanƙwashe kamar lauje. Wanda ya taho daga Doguwa ba ya ganin gabansa sai ya karyo kwanar. A nan nake zama da farantin gyaɗata tun haƙorana suna cike, don haka babu direban babbar mota da ban san halinsa ba. Akwai mai danna hon har jariri ya shiɗe a bayan uwarsa. Akwai wani mai jar hula da ya taɓa take wa maƙwabciyata Kaltume agwagwa, ya leƙo yana dariya wai a soya masa kafin ya dawo. Irin waɗannan in sun zo sayen gyaɗa, ta ƙasan faranti nake auna musu, mai ɗaci-ɗacin.

Balarabe kuwa daban ne. Mutumin Ƙafin Maiyaki, ɗan gajere, in yana cikin tirelarsa hularsa kawai ake hangowa. Tun daga bayan gari yake rage gudu. In ana salla ba ya hon. In shanun Buba makiyayi za su tsallaka, tsayawa yake har gurguwar ƙarshe ta wuce. Da damina lallaɓa motar yake a kududdufi don kada ya watsa mana taɓo. Ƙananan motoci in sun biyo shi, sai ya hango musu hanya, ya kunna sigina ya ba su hannu su wuce.

"Amarya, yau ma ba kwalliya?" Haka yake ce mini ta taga.

"Kwalliya ga miji kamar turmi? Sauko ka saya, ko ka ba ni takardata."

Ranar da abin ya faru tsakiyar bazara ce, ƙasa ta bushe ƙayau, awaki har takarda suke ci. Bayan azahar Balarabe ya taho daga Doguwa da lodin masara. Yana karyo kwana motar ta yi wani tari, ta tsaya cak, rabinta a kan kwalta. Da idona na ga ya sauko da adda. Kowa a bakin titi ya san dokar: in mota ta mutu, ka yanko ɗanyen ganye ka jera a kan hanya tun daga nesa, mai zuwa ya gani ya san akwai matsala a gaba. Sauran direbobi darbejiyar masallaci suke farma ba sallama. Shi kuwa ya ce inuwar mutane ce. Sai ya je ya gaida mai unguwa Abdulmumini, ya roƙi rassa daga ceɗiyar bayan gidansa. Ya janyo su ya jera can bayan kwana, ya yaga wani jan ƙyalle ya ɗaura a babban reshen. Sannan ya dawo ya shige ƙarƙashin mota da kayan aikinsa, ƙafafunsa kawai a waje.

To, akwai Laraba. Baƙuwa ce a garinmu. Daga wani ƙauye can bayan Yako ɗanta Nazifi ya ɗauko ta bayan rasuwar mijinta, ƙauyen da ko kurar ruwa ba ta shiga, balle mota. Nazifi ɗan acaɓa ne, shi kaɗai Allah ya bar mata. Ta zo da tabarma da tukunya da awaki masu ƙashin haƙarƙari a waje, kuma ta fi kula da su a kan kanta. Mukan yi mata tsiya cewa da akuyar nan mai tozali mutum ce, da tuni ta kai ta Makka.

Ni dai ban ga lokacin da ta bi ta bayan kwana ba. Ta dawo daga neman abin da za ta ba awaki, hannu wofi, sai ga ganyen ceɗiya shar a zube a kan hanya. A tunaninta daga kan mashin ɗin wani mai kiwo ya zubo. Ta tattara tsaf, har da mai jan ƙyallen, ta bi ta lungu ta kai gida tana godiya ga Allah.

Bayan la'asar muka ji ƙarar. Ba ta da tsawo, kamar an yar da babbar tasa a kan dutse. Nazifi ne, ya kai fasinja wajen Burumburum ya dawo shi kaɗai, ya karyo kwana da gudun 'yan acaɓa, ya shige bayan tirela.

Balarabe ne ya fara isa gare shi. Ya zauna a kwalta ya ɗora kansa a cinya yana laƙƙana masa kalmar shahada, amma rai ya riga ya fita. Ya tuɓe rigarsa ya rufe masa fuska. Yana ta maimaitawa, "Na sa ganye. Wallahi na sa ganye." Mutane suka leƙa bayan kwana. Kwalta fes, ko tsinke babu.

Da shi aka ɗauki gawar zuwa gida, ina biye da su. Muna shiga Laraba ta ƙwalla ƙara ta zube, mata suka rufa a kanta. Aka shimfiɗe Nazifi a ɗaki. Balarabe ya fito yana share hannu a wando, sai ya tsaya. Na bi idonsa. A turke, awaki suna ta tsigar ganyen ceɗiya, mai tozali tana jan jan ƙyallen da baki.

Ya dubi awakin, ya dubi tsohuwar da ke birgima a ƙasa, ya dube ni. Ya girgiza mini kai a hankali. Ni da aka ce bakina ba shi da ƙofa, ni yake roƙo in yi shiru.

Kafin ya kai zaure 'yan acaɓa sun cika ƙofar gida. Sagir, abokin marigayin, shi ne a gaba, idonsa jawur.

"Kai ne mai motar? Ka ce ka sa ganye. Ina ganyen?"

Balarabe ya sunkuyar da kai. "Allah ya riga ya ƙaddara, ɗan'uwa."

"Ba wa'azi na tambaye ka ba. Ka sa ko ba ka sa ba?"



Mai unguwa ya ratso yana cewa, "Ku saurara, 'ya'yana. Ni na ba shi rassan da hannuna."

"Ka ba shi, Baba, amma ka ga ya jera? Ina suke? Aljanu suka kwashe?"

Wani ya ɗauke Balarabe da mari, wani ya kawo masa gora a ƙeya. Suka ja shi ƙiii zuwa bakin titi. Na ga an zuƙo fetur daga tankin mashin a gorar ruwa, wani yana gangaro da tsohuwar taya. Na taɓa ganin abin da ake yi da taya da fetur, ba na fatan in sake gani. Mai unguwa ya rungume shi yana rantsuwa sai dai a haɗa da shi, amma tsoho ne, tari ma kayar da shi yake. Shi kuwa Balarabe jini na bin wuyansa, bakinsa gam.

Na koma cikin gidan Laraba. Ihun yana shigowa ta kan katanga: bai sa ganye ba, bai sa ganye ba! Laraba ta ɗago daga cinyar Kaltume ta dube ni, muryarta ta dishe.

"Yaya Hasiya, wane ganye suke ta faɗa?"

Kaltume, wadda ita ma ta ga turken, ta ƙifta mini ido. A waje na ji wani yana tambayar wa ke da ashana.

Na durƙusa a gabanta na ce, "Laraba, a nan bakin kwalta, in mota ta lalace, ganye ake jerawa a hanya don mai zuwa ya rage gudu. Bawan Allahn can ya jera. Na ceɗiya. Yanzu za su ƙone shi a kan bai jera ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta juya ta daɗe tana kallon awakin. Sannan ta miƙe, ba mayafi, ba takalmi, ta fizge rassan daga bakinsu, ta rungumo ta fita. Muka bi ta.

Ta ratsa taron tana jan babban reshen a ƙasa, jan ƙyallen yana sharar turɓaya. Wanda duk ya gani sai ya matsa. Sagir yana riƙe da gorar fetur, ya ce, "Inna, koma gida, mu za mu rama miki."

Ta ce, "Ni na kwashe. Awakina na kai wa."

Balarabe ya ɗago daga inda yake durƙushe, taya a wuyansa. "Inna, ki koma ciki. Laifina ne, da na danne su da dutse da ba ki ɗauka ba."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta wuce tirela, ta wuce inda jinin ɗanta ya bushe, ta zagaya bayan kwana. Ta shiga ajiye rassan ɗaya bayan ɗaya, kowane a inda ta tsince shi, duk da awaki sun cinye rabin ganyen. Tana cikin haka wata bas ta gangaro daga Doguwa. Direban ya hango rassa, ya taka burki, ya karyo kwanar a hankali ya raɓa tirela ya wuce. Kowa ya gani. Sagir ya ajiye gorar a ƙasa, ya zauna kusa da ita ya rufe fuskarsa. Mai unguwa ne ya cire wa Balarabe tayar.

Kafin magariba aka kai Nazifi makwancinsa. Balarabe ya bi sahu da ɗaurin tsumma a ka, ba wanda ya hana shi, ba kuma wanda ya iya haɗa ido da shi.

Awakin, Laraba ta kwance su ta kora wa Buba. 'Yan'uwanta sun zo daga Yako su tafi da ita, ta ƙi. Kullum da hantsi sai ta fito da ɗanyen ganye, ko na mangwaro ko na darbejiya, duk wanda hannunta ya kai, ta jera a bayan kwana, ta zauna a gefe tana gadi kada akuya ta taɓa. Direbobin da suka saba hanya sun gane babu motar da ta lalace, suna bi ta kai da gudu. Mai jar hula har hon yake mata.

Balarabe har yanzu yana wucewa da masararsa. Ya daina kirana amarya, ni ma na daina neman takardata. In ya hango ganyen Laraba sai ya kunna sigina, ya rage gudu, ya kauce wa rassan ɗaya bayan ɗaya, ya zagaye wurin da babu komai.