Kujera ta Uku

"Sista, sunaye nake jira," in ji Zulkifli ta cikin waya. "Naki da na maigida Malam Hambali suna hannuna. Kujera ta ukun ce har yanzu babu mai ita. In biyar na yamma ta yi ban ga hoton fasfo ba, zan sake ta, don akwai masu jira."

Ummussalma ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa tana wanke hannu a famfon ɗakin masu ciwon ido na babban asibitin Birnin Kudu, inda ta shekara goma sha shida tana aikin jinya.

"Kafin biyar za ka ji ni."

"Haka kika ce ran Litinin."

"To ai yau Alhamis," ta ce, ta kashe wayar.

Zulkifli mai shirya wa mutane tafiye-tafiye ne a Kano, kuma shi ya zaɓar mata Gambiya. Ya ce ƙasar Musulmi ce, ba sai an nemi biza ba, ga teku a bakin ƙofa. Ita kuwa ta zauna ta tsara kwanaki bakwai ɗin nan a takarda, yadda take tsara lokutan ba marasa lafiya magani. Akwai ranar kasuwar kifi, inda masunta ke jawo jiragensu kan yashi. Akwai ranar wani tafki da aka ce har shafa bayan kada ake yi, wanda Malam Hambali ya ce shi dai daga cikin mota zai gaishe su. Rana guda ta bar ta babu komai, ta rubuta "zama a bakin ruwa" kawai. Takardar ta sha ninki a aljihun rigar aikinta har ta fara yagewa ta tsakiya.

Kujera ta ukun ta mahaifiyarta ce, Inna Batulu, wadda har yau ba ta ce za ta ba, ba ta kuma ce ba za ta ba.

Asalin maganar wata huɗu ke nan, ranar da aka kwance wa Inna bandeji bayan an cire mata yanar ido. Ummussalma ce da kanta ta kwance, tana tsaye a gabanta, fuska da fuska. Inna ta ƙifta ido, ta ƙara ƙiftawa, sannan ta ɗaga kai ta dubi bango ta saman kafaɗar 'yarta. Akwai wata kalanda a wurin mai hoton shuɗin ruwa da bishiyoyin kwakwa. Sai ta juya wajen autarta Nasiha ta ce, "Wancan ruwan gaske ne, ko zana shi aka yi?" Ta je Makka shekara biyu kafin nan, jirgi ya bi da ita ta saman teku, amma lokacin idon ya riga ya rufe, ba ta ga komai ba.

Ummussalma ba ta yi mamakin yadda aka tsallake ta aka dubi kalanda ba. Ita 'yar fari ce, kuma gidansu gidan Fulani ne da Fulatancin ya tafi ya bar musu kunyar. Tun da aka yaye ta aka miƙa ta ga kakarta a Gwaram. Shekararta arba'in da ɗaya, ba ta taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. "Waccan ta Birnin Kudu" ake ce mata, in kuma an ji daɗinta a ce "mai asibiti". Ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. In Inna tana da magana da ita, sai ta gaya wa wanda ke kusa, shi ya juyo ya maimaita, ko da kuwa tabarma guda suke kai. Kowa ya san wannan ba ƙiyayya ba ce, ita ma ta sani. Sanin bai hana abin yi mata ciwo ba, kuma da ta girma ciwon bai ragu ba, sai dai ta iya ɓoye shi.

Ƙarfe ɗaya ta miƙa aiki ta nufi tasha. Ƙaramar bas ɗin Gwaram ta cika da buhunan riɗi da mutanen da suka sallamo 'yan uwansu daga asibiti. Wata tsohuwa ta gane ta, ta buɗe mata ido da yatsu biyu ta ce a duba mata, a nan cikin mota. Ummussalma ta duba, ta ce ta zo ran Talata da safe. Gefen hanya an gama yankan dawa, shanu sun shiga gonaki suna kiwon kara.

A Gwaram ta biya makarantar firamaren da Nasiha ke koyarwa. Ba ta zuwa Zandam, inda Inna take, sai da Nasiha, kamar yadda baƙon likita ba ya zagayen ɗaki sai da tafinta. Nasiha ta fito da goyon jaririnta ɗan wata biyar tana mita.

"Yaya, ki ƙyale tsohuwar nan mana. Ki ɗauki mijinki ku je ku sha iskarku."

"Ba don iska na tsara ba."

"To ki saya mata kalandar."

Ummussalma ba ta yi dariya ba. Suka tsayar da 'yan acaɓa biyu.

Sun tarar da Inna a tsakar gida, a inuwar rumbu, tana tsince wake a faifai. Tun da idon ya buɗe ta hana kowa wannan aikin, ko ƙaramin tsakuwa ba ya tsere mata. Ummussalma ta durƙusa daga gefe ta gaishe ta. Inna ta amsa wa faifai.

"Lafiya lau. Nasiha, an zo lafiya? Ya mutanen gidan?"

"Tana ji, Inna," in ji Nasiha, sannan duk da haka ta juya. "Wai kin zo lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

Nasiha ta shiga ɗaki ta fito da jakar Makka inda fasfon Inna yake, ta ciro shi, ta ajiye su kusa da yayarta. Ummussalma ta warware takardarta ta shiga karantawa, wai Nasiha take karanta wa. Ta fara da abin da take zaton zai zama abin tsoro. Daga Kano za a tashi, a sauka Legas, a sake hawa. Masauki yana kusa da masallaci. Abincinsu shinkafa ce da kifi da miyar gyaɗa, babu abin da za a yi ƙyanƙyami. Malam Hambali zai bi su, saboda haka babu maganar tafiya ba muharrami. Akwai Fulani a ƙasar da yawa, wataƙila ma Inna ta tuno Fulatancin da ta bari a bakin kakanninta.

Hannun Inna ya ɗan tsaya a kan waken da aka zo maganar ranar zama a bakin ruwa, sannan ya ci gaba.

"Nasiha, ke za ki?"

"Ni da ba ni da fasfo, Inna? Ga goyo, ga jarrabawar yara."

"To su wa ke nan?"

"Ke da Yaya da Malam Hambali."

Inna ta zubar da tsakuwar da ta tara a tafin hannu.

"Gaya mata Allah ya yi albarka, ya kai su lafiya. Ni ba jirgi nake tsoro ba, na hau shi. Amma kwana bakwai a ƙasar mutane, in ƙishirwa ta kama ni, wa zan gaya wa ya gaya mata? Surukina? Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba?"

Nasiha ta fashe da dariya, ta ga babu mai taya ta, ta haɗiye. Ummussalma ta yi wata biyu tana shirya amsar kowace tambaya, ta jirgi, ta abinci, ta sanyi, ta hawan jini. Wannan ɗaya ce ba ta shirya mata ba, alhali ita ce dalilin tafiyar gaba ɗaya. So take ta kai Inna inda babu Nasiha, babu maƙwabciya, babu kowa, ko dole ta sa a dube ta a yi mata magana. Ashe Inna ta hango wannan tun kafin a gama karanta takardar.

Ta ninke takardar a kan tsohon ninkinta, ta ƙarasa yagewa. Agogon wayarta ya nuna huɗu da kwata. Ta ɗauki fasfon za ta mayar cikin jaka, sai wani kati ya zamo daga tsakiyarsa ya faɗi kan tabarma. Katin alhazai ne mai igiyar ratayawa a wuya, da hoton Inna a gaba. Ta juya bayansa don kakkaɓe ƙasa. A layin da aka rubuta wanda za a nema in wani abu ya faru, ta yi zaton ganin sunan Ashiru, ƙaninta namiji, wanda shi ya kai Inna Dutse yin takardu. Abin da ke wurin da biro shuɗi shi ne Ummussalma Sabo, da lambar wayarta.

Ta nuna wa Nasiha da yatsa, ta yi ƙasa da murya. "Ashiru ne ya ba su?"

"Ina fa. A waje aka tsayar da mu, ita kaɗai ta shiga." Nasiha ba ta iya ƙasa da murya ba tun tana yarinya. "Ai muna jiyo su ta taga. Malamin da ke cike takardun kunnensa da nauyi, sai da ya sa ta faɗi sunanki sau uku. Lambar ma da ka ta ba shi. Da ta fito ta ce in na gaya miki sai ta tsine min."

"Nasiha," in ji Inna, ba ta ɗago ba, "yaron nan ya ɓata miki zane, ke ba ki ji ba?"

Gaskiya ne kuwa. Nasiha ta yi salati ta kwance goyon, ta ɗauki buta ta zagaya bayan ɗaki.

Ummussalma ta zauna da katin a hannu. Ta yi ƙoƙarin jin yadda sunan zai fito a muryar Inna, ta kasa, don ba ta da abin da za ta gwada da shi. Wani malami mai nauyin kunne a Dutse ya ji sau uku, bai ma san abin da ya ji ba. Haushinsa ya kama ta, sannan daɗi ya zo ya danne haushin, har ta ji idonta ya cika. Ta goge da bakin mayafi, ta mayar da katin cikin fasfo, ta zuge jakar.

Ta ɗaga murya yadda za a ji a bayan ɗaki. "Nasiha, ki gaya wa Inna na bar maganar. Kada ta sa a ranta. Dama ba tekun ce ta dame ni ba."

A bayan ɗaki kukan yaron ya cika wa Nasiha kunne.

A gidan nan waya ba ta kamawa sai a jikin rumbu ta gabas. Ummussalma ta tashi ta je ta tsaya a wurin, taku uku daga inda Inna take, ta juya mata baya kamar yadda ta saba, ta kira Zulkifli don ta ce ya saki kujerar. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira.

"Ruwan nan," in ji Inna, "an ce gishiri ne da shi. Ana alwala da shi kuwa?"

Ummussalma ta jira a maimaita mata. Da ta ji shiru sai ta waiwaya. Nasiha tana bayan ɗaki. Ƙofar zaure a rufe take. In ban da kaji biyu da ke tsintar waken da ya zube, babu kowa a tsakar gidan. Inna tana kallon faifai, amma hannunta ba ya motsi.

"Ana yi, Inna," ta ce. Muryarta ta fito siririya kamar ba tata ba.

"To." Inna ta ɗauki ƙwayar wake guda ta duba ta, ta mayar. "Sai a nemo min ƙaramar buta. Wannan tawa ba ta shiga jaka."

Daidai nan aka ɗauki wayar.

"Sista, ina jin ki," in ji Zulkifli. "Saura minti ashirin fa. Mutum nawa zan rubuta?"

Ummussalma ta durƙusa ta jawo jakar Makka da hannu ɗaya, tana laluben zif ɗin.

"Uku," ta ce. "Ga hoton nan zuwa."