Fim ɗin Rasha a Gidan Bamidele

Tanimu da matarsa Mansura a ƙungiyar masu kallon fim ta jami'a suka haɗu, zamanin da suke ganin da baki za su gyara ƙasar nan. Yau ga su a gidan haya a Suleja, kullum sammako zuwa Abuja, shi yana rubuta wa manya jawabin da bai yarda da shi ba, ita tana gyara rahoton da babu mai karantawa. Ba faɗa, ba zagi. Ni da faɗan ma suke yi da ya fi, don shirunsu tausayi yake ba ni.

An yi wa Mansura tayin komawa ofishin Kano, ranar Litinin za ta ba da amsa. Da ta faɗa masa, sai ya ce, "Ke mai ilimi ce, ki zaɓi abin da ya fi miki." Ita kuwa so take ya ce ta zauna.

Ranar Asabar tsohon abokinsu Bamidele ya kira su gidansa a Maje, wai ya samo wani tsohon fim ɗin Rasha da suka sha musu a kansa. Matarsa Omolara ta kawo gyaɗa da zoɓo. Fim ɗin labarin wasu ma'aurata 'yan boko ne a babban birni, surutu kamar aku, soyayyarsu tana hucewa har matar ta tafi.

Al'adarsu ce in fim ya ƙare kowa ya yi sharhi. Mansura ta fara.

"Da can na ce matar nan butulu ce. Yau na fahimce ta. Bai cuce ta ba, amma bai riƙe ta ba. Da ya ce kar ta tafi, da ta zauna."

Idonta a kan mijinta ta faɗa. Omolara ta sunkuyar da kai.

Tanimu ya gyara tabarau. "A'a, kin ɗauki abin sama-sama. Matar ai al'umma ce da ta yanke ƙauna daga shugabanninta."

"Oga, abeg, bar siyasa," in ji Bamidele. "Madam magana take yi."

"Ai ita nake amsa wa."

Ya yi ta zuba, daga Mosko har Abuja. An ce ilimi gishirin zaman duniya, amma nasa ya yi wa miya yawa. Mansura ta bari ya kai aya, sannan ta juya wajen Omolara.

"'Yar'uwa, kin san mai motar ɗaukar kaya zuwa Kano?"

Sai a lokacin Tanimu ya gane. Kowa ya zuba masa ido, don har yanzu da sauran dama. Ya dubi faifan gyaɗa.

"Akwai wani a Sabon Wuse," ya ce a hankali. "Yana da kula da kaya."