Ƙyallen Saumu

Shekarata goma sha tara a kan keken ɗinki a unguwar Majengo, kuma ban taɓa yin kuskuren awo ba. Mace na shigowa ɗakina, kafin ta gama sallama na san yadin da zai rufe ta. Na fara da wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri idan ya ji abin da na yi wa Saumu. Ni ma na nemi uzurin, ban samu ba.

Saumu ɗiyar ƙanwata ce Mwanaidi, wadda zazzaɓi ya ɗauke cikin kwana uku. Yarinyar na da shekara huɗu a lokacin. Ranar zaman makoki, a gaban dangi kaf, na dafa ƙirji na ce daga yau 'ya'yana huɗu ne: Umi da Shee da Tima da Saumu, duk wanda ya bambanta su ba ni ba shi. Ni kuwa bakina ba ya magana a hankali, har na tsakar gida sun ji. Shekara uku ke nan tana kirana Mama.

Kowace sallah ina yi wa yaran gidana anko. Akwai gayu a ciki, ba zan ɓoye ba, amma duk wanda ya taɓa shiga filin Makadara da yammacin sallah ya san ainihin dalili. Mombasa kaf a nan take taruwa. Idan yaranki launinsu ɗaya ne, ɗaga kai kawai za ki yi ki hango su, ko da turmutsutsu ya kwashe su.

Bana a goman ƙarshe na azumi na shiga Hanyar Biashara. Rana ta take, gumi na bin baya, masu turare na ɗiga wa mutum a hannu ko bai tambaya ba, kowane shago ya rataye zanen leso har yana shafar kan masu wucewa. Na shiga shago shida ina taɓe baki. A na bakwai, wajen Mzee Gulam, na ga wani kore mai ƙananan furanni ruwan zinariya, na ji raina ya tsaya a kansa.

"Mama Umi, idonki ba ya kuskure," in ji shi. "Ƙarshen bandir ne. Bayan ke babu mai saka shi a garin nan."

Ya auna. Ya yi riguna uku na mata da taguwa ɗaya ta namiji cif, babu ragi babu ƙari.

Da na bar shi haka, da ba ni da labarin bayarwa. Amma ana jibi sallah, da hantsi, maƙwabciyata Bi Zena ta leƙo karɓar ɗinkinta. Ta ga koren a shimfiɗe, ta murza shi da yatsu.

"Oho, na yara ne? Ni bana da ni da nawa iri ɗaya za mu fito, har mayafi. Ke fa? Ko tela ce za ta bi bayan yaranta cikin baƙar abayar buibui zalla kamar mai zuwa ta'aziyya?"

"Ki kula da naki, Zena. Bara ma da kika yi ankon, ai labulen falo aka ɗauka kin yafo."

Muka yi dariya, ta fita. Maganar dai ta zauna mini a ƙirji. Na riga na yanka na Umi da na Shee da na Tima. Saura yanki ɗaya a kan tebur. Na ɗaga shi na yafa a kafaɗa, na kalli madubi. Wallahi ya karɓe ni. Na ce a raina ai akwai tsohuwar rigar Umi da ba ta ji jiki ba, yarinya 'yar shekara bakwai me ta sani? Na kalmashe bakinsa, na hau keke.

Saumu na zaune a ƙarƙashin tebur, inda ta saba zama tana tsintar ƙyallaye tana yi wa 'yar tsanarta zane.

"Mama, nawa yaushe za a yanka?"

"Yadin bai kai ba, 'yar nan. Babbar sallah da naki zan fara."

Ta ce, "To." Da ta yi kuka ma da na daka mata tsawa na samu sauƙi.

Safiyar sallah mijina, Baba Umi, ya dubi yaran a jere bakin ƙofa, ya dube ni.

"Ina na Saumu?"

"Yadin ne bai kai ba."

Ya kalli mayafin da ke kafaɗata. Ya buɗe baki, ya tuna da wadda yake aure, ya rufe. Ya gyara hularsa ya tafi gaishe da iyayensa.

Bayan la'asar muka cika tuktuk, keken haya mai ƙafa uku, zuwa Makadara. Tun daga nesa ake jin kiɗa, kowace rumfa da nata, babu mai saurara wa wani. Ƙanshin soyayyen dankali da gasasshen rogo mai barkono ya haɗu da na turaren mata. Ga masu balan-balan, ga masu bindigar ruwa, ga mabuyu, alawar 'ya'yan kuka, ja jawur a ƙulle cikin leda, ga lilon nan mai siffar kwalekwale da samari ke turawa har sai 'yan mata sun kira sunan iyayensu. Iyali-iyali suke wucewa, waɗannan shuɗi, waɗancan ruwan hoda. Ni kuwa ina tafe ina gyara mayafi, ina jin idon mutane a kaina.

Muka yi karo da Bi Zena kusa da masu ƙunshi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai, Mama Umi, kin yi ramuwar gayya! A ina kika samo ƙari? Ba kin ce ƙarshen bandir ba ne?"

"Hannun tela ne, Zena. Ba kowa aka ba."

Daɗi ya kama ni har kunne. Ban ma dubi wadda ke riƙe da gefen buibuina ba.

Can aka buga ganga, masu wasan tsalle suka fara hawa kan juna, jama'a suka ruga gaba ɗaya. Aka ture mu hagu, aka ture mu dama. Da na samu wurin tsayawa na yi abin da na saba yi kowace shekara, na ɗaga kai na nemi launina. Kore, kore, kore. Zuciyata ta ce sun cika. Na tasa su gaba muka tafi wajen dawakin katako.

Tima ta hau sau biyu. Shee ya yi harbin gwangwani bai sami ko ɗaya ba, ya ce bindigar ce karkatacciya. Muka sha ruwan ɗanyar kwakwa. Sai da muka tsaya gaban mai soya dankali, na ce ta zuba wa yara uku, sannan Tima ta ja mini hannu.

"Mama, Saumu ba za ta ci ba?"

Na waiga. Na sake waigawa.

"Umi! Ina ƙanwarki?"

"Ai ke take riƙe da ke, Mama."

"Tun yaushe?"

Babu wanda ya sani. Rana ta riga ta yi ƙasa, inuwar lilo ta miƙe har bakin titi. Na damƙe hannun Tima, na ce wa manyan su riƙe mayafina, muka kutsa. Ina ƙwala kiran sunanta, kiɗa na haɗiye muryata. Abin da ya fi ci mini rai, idona ya ƙi daina neman kore. Ko'ina na duba kore nake nema, alhali ni da hannuna na hana ta shi. Fuskar Mwanaidi ta yi ta zo mini, da ranar da na dafa ƙirji.

Wani mai sayar da rake ya nuna mini rumfar da ake tara yaran da suka ɓata, can gefen masallaci. An kewaye ta da labule, an ajiye tebur a bakin ƙofa. Wata dattijuwa ce zaune da lasifika a cinya da tabarau a kan hanci. Na ji ana ce mata Bi Hidaya. Mata biyar ko shida na tsaye suna jira.

Na ture su, na yi mata gaisuwar manya. "Shikamoo, Bibi. 'Yata ce ta ɓata. Saumu, shekararta bakwai."

"Marahaba. Saumu uku aka kawo mini yau. Wane kaya ta saka?"

Ni da nake tuna rigar da mace ta saka bikin shekara biyar da suka wuce, har da irin maɓallinta, na kasa tuna abin da na ciro daga akwati da safiyar nan na miƙa wa yarinyar ba tare da na kalle ta ba.

"Shuɗi," na ce.

Umi ta taɓa ni, ta yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji. "Ruwan ɗorawa ne, Mama. Tsohuwar rigata."

Bi Hidaya ta sauke tabarau. Ta kalli Umi, ta kalli Shee, ta kalli Tima, ta kalli mayafina. Ba ta yi sauri ba.

"Akwai mai ruwan ɗorawa a ciki. Amma ba zan ba ki ita haka kawai ba. Shekarata tara a rumfar nan, na ga matar da ta zo tana kuka da majina a kan ɗan da ba nata ba. Gidanku kore ne, ga shi ina gani, har uwa. Waccan kuwa ba kore ba ce, kuma ba ki san abin da ke jikinta ba."

"Bibi, 'yata ce! Ɗiyar ƙanwata ce, a hannuna take!"

"Ayyo," in ji wata mata a bayana. "Marainiya ce ashe."

"Shi ya sa," in ji wata.

A rana irin ta kullum da na juya na wanke su tas, har su manta abin da ya kawo su. Ranar ko ɗaga kai ban iya ba. Kunya ta rufe ni tun daga tafin ƙafa, na ji mayafin nan ya yi mini nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Ga kuma Bi Zena can gefe da yaranta, ta biyo mu da ta ji ina kira.

Bi Hidaya ta ɗaga labule ta yi kira. Saumu ta fito. Rigar ta yi mata yawa a kafaɗa, hannuwan sun rufe mata har yatsu. Takalminta ɗaya babu. Hawaye ya bushe a kumatunta ya bar layi biyu.

Na yunƙura, dattijuwar ta tare ni da lasifika.

"Tsaya tukuna. Yarinya, kin san matar nan?"

Saumu ta gyaɗa kai. "Mamana ce."

"To me ya sa kayanku ba iri ɗaya ba?"

Na rufe ido. Na san amsar da na koya mata, kuma na san za ta faɗe ta a gaban mayafin nan.

Ba ta faɗa ba. Ta naɗe dogon hannun rigar a hankali har gwiwar hannu. A wuyan hannunta akwai siririn ƙyalle, faɗinsa bai fi yatsa biyu ba, an ɗaure shi da ƙulli irin na yara. Kore ne mai furanni ruwan zinariya. Na gane shi. Shi ne bakin da na datse lokacin da nake daidaita mayafina, ya faɗi ƙarƙashin tebur.

"Ni ma ina da namu," ta ce wa Bi Hidaya. Sannan ta juyo gare ni. "Mama, da aka ture ni na yi ta ɗaga hannu don ki ga koren. Na hango ki kina dubawa. Amma nawa ƙarami ne, ba ki gani ba."

Bi Hidaya ta kama hannun yarinyar, ta kara ƙyallen da gefen mayafina. Furen ya haɗu da ɗan'uwansa daidai inda almakashina ya raba su.

"Taki ce," in ji ta. "Ɗauki."

Na durƙusa a ƙasa, a cikin ɓawon rake da ledoji. Na zare mayafin daga kafaɗata, na bar baƙin ɗankwalin da ke kaina, na yafa mata. Ya rufe ta daga wuya har idon sawu, ya zagaye ta, gefensa ya sauka ƙasa.

Tima ta tafa hannu. "Mama, kin gani? Ashe ya kai!"