Jirgin da na sa Malam ya hau

Ranar Laraba ce, ina sussukar dawa, Alhaji Sanda ya yi sallama a ƙofar gida. Tare suka tafi Makka da maigidana, Malam Mati. Da na leƙa na ga akwatin Malam a hannunsa, ba sai an faɗa mini ba. Zazzaɓi ne, in ji shi, bayan an sauko daga Arfa. A can aka binne shi.

Abin da ya tsaya mini a rai ban gaya wa kowa ba, har na fita takaba. Malam da ƙafa ya so tafiya, ta Sudan, yadda mahaifinsa ya yi shekara shida kafin ya dawo. Ni na hana. Na ce ba zan iya shekara shida da yara huɗu ni kaɗai ba, ya bi jirgin sama daga Kano kamar kowa.

"Hansai, ni fa ko ɗanyen dokin nan na maƙwabta ba na hawa," ya ce.

Amma ya yarda. Duk lokacin da ya kai auduga Funtua, sai ya hau saman lodin mota ya zauna, wai yana koyon sama. In ya sauko, 'yan dako su riƙa ce masa direban jirgi. Da tafiya ta matso, tuwo ma ba ya iya ci.

Shi ya sa nake ta tunanin tsoro ne ya karya shi tun a hanya, kuma ni na jawo.

Bayan takaba na je gidan Alhaji Sanda, na tsaya daga zaure.

"Alhaji, don Allah ka gaya mini gaskiya. Yaya ya yi a cikin jirgin?"

Sai ya yi dariya, har ya share hawaye.

"Da farko ya riƙe mini hannu kamar zai ɓalla shi. Da muka ɗaga, na ce ya leƙa taga. Shi ke nan, Hansai, ban ƙara samun sakat ba. Wai dubi wancan malalacin manomi, kunyoyin gonarsa duk a karkace. Wai wancan ya ci iyakar maƙwabcinsa. Har gonaki suka ɓace yana yi wa manoman Kano faɗa. Da aka kawo abinci ya cinye nasa, ya cinye nawa. Ya ce da Hansai na nan da ta ga fadama daga sama."

Na zauna a ƙasan zauren na yi kuka, irin wanda ban yi ba ranar Larabar.

Jirgi dai ban taɓa hawa ba, kuma ba na jin zan hau. Yanzu ni ke ɗebo hatsi a rumbu kowace safiya. In na kai ƙarshen tsani, nakan ɗan tsaya, in duba gonarmu ta saman danga, kafin in sa hannu.