Hoda a Fuskar Yaji

Malama Winifred ta dawo bayan labule ɗauke da farar rigar likita, sai ta tarar an shafe fuskar Yaji da hoda, fari fat har kunne. Yaron nan da ta yi ta koya wa jawabinsa na wasan kwaikwayo tun farkon zango, ga shi tsaye kamar an tsamo shi daga buhun fulawa.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Ni na sa," in ji Mista Edwin, mai makarantar, yana gyara nekatayel. "Haka muke yi duk bikin ƙarshen shekara. Mai fitowa a masanin kimiyya, hoda. In ba haka ba yaya iyaye za su gane Bature ne?"

"Ai ba Bature ba ne, ranka ya daɗe. Na faɗa maka, likitan nan da ya buɗe hanyar ajiye jini a asibiti baƙin mutum ne ɗan Amurka, jikan bayi."

Mista Edwin ya yi dariya har da tafa hannu. "Haba Malama! Baƙaƙen Amurka? Ƙwallon kwando, waƙa, sai bindiga a fim. Manoma ne fa a zaune can, sun hawo babur tun daga Betso da Vimtim don su ga abin da suka saba gani. Kada ki rikita mini mutane."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Wai mutumin da ya fi gindin tukunya baƙi ne yake wannan magana, ko kunya babu!

Yaji ya ja gefen zanenta. "Anti, a bar hodan. In an goge, ba wanda zai yarda ni likita ne."

Wannan ita ce ta fi yi mata zafi. Shekararsa tara kacal, amma har an riga an cusa masa wannan a kai.

Ta jiƙa bakin mayafinta da ruwan leda, ta kama haɓarsa.

"Idan yaron nan ya fita a haka," in ji Mista Edwin, dariyar ta ɗauke, "kada in ga ƙafarki a nan ranar Litinin."

Ta san ba wasa yake ba, kuma ta san aikin koyarwa ba ya zube a titi a Mubi. Duk da haka ta goge wa Yaji goshi, ta goge kunci, ta bi bayan kunne tas. Ta zura masa rigar, ta tura shi gaban jama'a.

Can wata tsohuwa a layin gaba ta ɗaga murya: "To ina Baturen?"

Winifred ta yaye labulen ta fito, jiƙaƙƙen mayafin a hannunta.

"Babu shi, Mama. Likitan ke nan. Ki dube shi da kyau." Ta juya ga yaron. "Yaji, ɗaga kanka. Fara."