Saura Kaɗan a Hoton Umma

Duk shekara, idan muka iso tsakiyar littafin Turancin da nake koyarwa, sai mun ci karo da kalmar nan fixate, kuma duk shekara sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba. Sai in ce musu ƙwallafa rai ne, irin wanda mutum zai kafa wa abu ɗaya ido har ya manta da sauran duniya. In ƙara da cewa kalmar ba ta yawo ita kaɗai, dole a faɗi a kan me aka ƙwallafa. Misalin da ke cikin littafin na wani bawan Allah ne da ya damu da tsabtar motarsa. Shi nake karanta musu, su kwafa, a kaɗa ƙararrawa. Nawa misalin ban taɓa ba su ba.

Babana mai hoto ne, irin na da. Shagonsa siriri ne, a matse tsakanin mai aski da mai yankan makulli. A ciki akwai labule uku da mutane ke tsayawa a gabansu: ɗaya teku ne da jirgin ruwa, ɗaya lambu, ɗaya kuma matakala ce mai hawa sama ba ta isa ko'ina ba. Da waya ta zo ta cinye masu hoto, abin da ya rage wa Baba shi ne gyaran tsofaffin hotuna. Mutane sukan kawo masa mamatansu a cikin ambulan, wani gara ta ci masa hanci, wata ruwa ya cinye mata ido. Shi kuwa ya sa gilashinsa mai ƙara girma, ya ɗauki burushin da za ka iya ƙirga gashinsa, ya tsoma a tawada, ya mayar musu da abinsu ɗigo-ɗigo. Doka ɗaya gare shi, ba ya nuna aikin da bai gama ba. Ko kai ka kawo hoton, sai dai ka ga farin ƙyalle a rufe da shi har ranar da ya ce ya gama.

Umma ta rasu ina da shekara uku. Matar mai hoto guda, amma hotonta ɗaya tak a duniya. Baba ya ce da ta hango kyamara sai ta rufe fuska ta ruga ɗaki tana dariya, sau ɗaya kawai ya samu ta tsaya masa. Fim ɗin da aka wanke hoton da shi ya ɓace a wani tashi da muka yi daga tsohon gida. Saboda haka uwar da na sani ita ce wadda ke rataye a bangon falo, tana kallon ƙofa kamar mai jiran baƙo. Ita nake kai wa ƙara idan Baba ya yi mini faɗa. Ita na fara nuna wa sakamakon jarrabawa.

Ina shekara goma sha huɗu aka yi wani ruwa mai iska, kwanon rufin ya yi yoyo daidai bangon nan. Ruwan ya bi ta bayan gilashin hoton ya zauna a kuncin Umma na hagu. Da ya bushe, sai ya bar tabo ruwan ƙasa, girmansa bai wuce babban yatsa ba.

“Aikin kwana biyu ne,” in ji Baba, yana naɗe hoton a tawul.

Na ce, “Baba, ka fara ɗaukarsa da kyamara mana, ko don gudun tsautsayi.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “In ɗauki tabo in ajiye? Sai na gyara tukuna. Kwana biyu na ce miki.”

A rana ta uku ya kira ni shago bayan makaranta. Ya jawo ɗan bencin da masu hoto ke zama, ya ajiye a gaban labulen teku. Ya ce kuncina irin nata ne sak, in zauna in kalli taga, minti goma kawai. Na zauna. Shi kuma ya koma bayan allon da yake kafa hoto a kai, hoton yana fuskantarsa, ni bayan katako kawai nake gani.

Daga nan la'asar ɗinmu ta zama haka. Rana takan sauko ta ratsa tagar ta kwanta a ƙafafuna, ta hau gwiwa a hankali, idan ta iso ƙirji Baba ya ce a tashi. Ta bangon dama ina jin almakashin mai aski, ta na hagu injin makulli yana kuka yana shiru. Warin tawada da tsohuwar takarda yakan sa ni gyangyaɗi ido biyu. Wani lokacin sai in ji kamar tekun da ke bayana yana motsi, jirgin ya matso, wata mata a ciki tana ɗaga mini hannu, in kasa juyawa saboda Baba ya ce kada in motsa. Ya ɗago ya dube ni, ya sunkuya, ya sa ɗigo ɗaya. Ya ɗago, ya sunkuya. Ba ya magana sai dai, “Ɗaga haɓa,” ko “Saki girar nan.”

Kuncin ya gyaru a mako na biyu, da bakinsa ya faɗa mini. Amma sai sabon kunci ya sa inuwar hanci ta zama baƙuwa, dole a taɓa hancin kaɗan. Da hanci ya daidaita, sai leɓen sama ya ƙi yarda da shi. Daga leɓe aka koma ɗaya kuncin, don kada ya ga an fifita ɗan'uwansa. Kullum akwai wani wuri da ya rage, kuma kullum ɗan ƙarami ne. Idan na tambaya, amsar ba ta sauyawa: “Saura kaɗan.”

Mai aski yakan leƙo da tsumman aiki a kafaɗa ya ce, “Mai Hoto, wannan kaɗan ɗin naka ya girmi autata fa, ga ta har ta shiga makaranta.” Baba ko ɗagowa ba ya yi. Ambulan ɗin mutane suka taru a kan kanta, wasu suka gaji suka zo suka karɓi mamatansu yadda suka kawo su. Ya daina zuwa zaman hira da abokansa. Shayinsa yakan huce a gefen kwalaben tawada, sau biyu ina gani ya tsoma burushi a ciki bai sani ba.

Ba zan yi ƙarya in ce an tilasta ni ba. Ina son zaman nan. Baba ba mai yawan magana ba ne, a gida sai mu wuni bai ce mini uffan ba, amma a kan bencin nan sai ya dube ni sa'a guda cur, da irin kallon da ba wanda ya taɓa yi mini. Na san ba ni yake nema ba. Duk da haka nakan wanke fuska in gyara ɗankwali kafin in shiga. Na gama sakandare a kan bencin nan, na yi kwaleji ina dawowa kansa duk hutu, na fara koyarwa har Baba ya koma kirana Malama, yana tsokana.

Abin da ke damuna shi ne bangon falo. Inda hoton yake da, ƙusa ce kawai da wani murabba'i da fentinsa ya fi sauran haske. Nakan tsaya a gabansa in rufe ido in kira fuskar Umma. Da farko takan zo cikakkiya. Daga baya sai ɗankwalin ya zo, kafaɗun su zo, tsakiyar ta tsaya kamar hayaƙi. Tsoro ya kama ni, amma na lallashi kaina da cewa tana nan a shago ƙarƙashin ƙyalle, a hannun wanda ya fi kowa saninta. Sau da yawa Baba yakan fita ya bar ni da allon. Ban taɓa ɗaga ƙyallen ba. A gidan mai hoto na tashi, dokar ta shige mini jini.

Shekara goma sha biyu ke nan, sai aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata makaranta mai nisan kwana guda a mota. Na ce wa Baba ba na neman komai sai kwafi ɗaya na hoton, in rataya a ɗakin da zan kama. Ya ce, “Yaushe ne tafiyar?” Na ce saura mako. Ya ce, “To, ki riƙa zuwa da wuri. Saura kaɗan.”

Ana saura kwana biyu Inna ta iso don ta taya ni haɗa kaya. Ƙanwar Umma ce, uwa ɗaya uba ɗaya, aure ya kai ta nesa, rabonta da mu tun kafin ruwan nan. Mace ce mai murya, wadda ba ta san ƙofa a rufe ba. Da ba ta same ni a gida ba, sai ta biyo ni shago da jakarta a hannu. Ta tarar da ni a gaban teku kamar gunki.

“Ikon Allah! Yaya, har yanzu kana nan cikin wannan kogon? Ke kuma tashi ki gaishe ni, ko aljanun labulen sun riƙe ki?”

Baba ya yi sauri ya ja ƙyallen ya rufe allon, yana dariya. “Sarkin surutu, sannu da hanya. Mijin naki ya huta kwana biyu.”

“Me kake ɓoyewa?”

“Aiki ne. Ban gama ba.”

“Ni za ka gaya wa ban gama ba?” Kafin ya miƙe ta zagaya ta fizge ƙyallen.

Na ga fuskarta ta washe. Ta dafa ƙirji ta ce, “Kai, Yaya, hannunka na nan! Dubi 'yata kamar ta yi magana. Amma me ya sa ka sa mata kayan tsofaffi? Wannan ɗaurin ɗankwalin ai tun zamaninmu aka bar shi.”

Baba ya ce, “Yayarki ce.”

“Wace yayar?”

“Yayarki. Hoton nan na falo. Ruwa ne ya taɓa shi, nake gyarawa.”

Inna ta sake sunkuyawa. Dariyar ta bar fuskarta a hankali. Ban san lokacin da na tashi daga bencin ba, sai ga ni a bayansu, karo na farko a wancan gefen allon.

Ni ce. Girata ce mai karyewa a ƙarshe, hancina ne, har ɗan ramin da ke haɓata. Ba ma ni ta shekara goma sha huɗu ba, ni ta wannan makon, da layin gajiyar da ya fara fito mini a ƙarƙashin ido. Ina sanye da rigar Umma, ina kallon ƙofa. Aikin ya yi kyau ƙwarai, ban taɓa ganin Baba ya yi wanda ya kai shi ba.

“Yaya,” Inna ta ce, muryarta ta yi ƙasa. “Ina wushiryarta?”

Baba ya dube ta. “Wushirya?”

“Ai murmushi take yi a hoton nan, haƙoranta a waje. Kai da kanka kake tsokanarta da ita. Wannan bakin a rufe yake.”

Ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton, yadda ya saba yi shekara goma sha biyu. A nan na gane shi ma ta daɗe da ɓace masa. Na so in ji haushinsa, na nema ban samu ba, tausayi ne kawai ya cika ni.

Inna ta ce, “A goge mana. A sa auduga da ruwa, ta fito.”

Ni na amsa mata, don na san sana'ar. Tawadar Baba ba a saman takarda take zama ba, shiga take yi. Inda tabo ya yi duhu kuwa, sai ya kankare da tsinin reza kafin ya cike. Babu kowa a ƙarƙashi.

Injin makulli ya tashi ya mutu. Rana ta hau bencin da babu kowa a kai.

Na ce, “Baba, nuna mini inda ba ka taɓa ba. Ko yaya yake. In ɗauka da waya, in tafi da shi.”

Ya zauna. Ya goge gilashinsa da bakin riga, ya sa a ido, ya sunkuya. Ya fara daga goshi, yana bi da gindin burushi ba tare da ya taɓa takardar ba. Ya sauko idanu, ya wuce. Ya tsaya a kunne har na matso da waya, sai ya girgiza kai. Ya bi wuya, ya bi ɗankwali, ya bi kafaɗa. Ya daɗe a kan hannunta na dama, yana duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi. Ya dubi nawa hannun da ke riƙe da wayar, ya wuce.

Can ƙasa, a gefen hoton, burushin ya tsaya.

“Kujerar nan da ta dafa,” ya ce. “Malama, ban taɓa kujerar ba.”